Muhawara: Likita ya fara yi wa mahaifiyata maganar wankin ƙoda, shin akwai abin da zai jinkirta shi?

Ɗan Hajiya, Jidda:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da yayyena na wannan zaure, ina neman shawarar duk wanda ya san ciwon ƙoda, ko ta hanyar aiki ko ta hanyar jinya. Mahaifiyata tana da shekara 63, ta yi shekara 17 tana fama da ciwon suga, daga baya hawan jini ya biyo baya. A takardar gwajinta akwai wani adadi da ake rubutawa eGFR, wanda likita ya ce shi ne ma'aunin ƙarfin tacewar ƙoda. Shekara biyu da suka wuce yana 41, a watan Rajab ya sauko 26. Likitan ƙoda ya ƙara mata wata ƙwaya mai suna Forxiga, ya kuma ce daga yanzu a daina ɗibar jini ko sa ƙarin ruwa a hannunta na hagu, domin wata rana za a buƙaci jijiyoyin wurin a yi mata fistula. Bayan mako uku muka sake gwaji, sai ga shi ya koma 23. Hankalina ya tashi, na ɗauke kwalin maganin na ɓoye a ɗakina, yau kwana goma ke nan ba ta sha ba, kuma ban faɗa wa likitan ba. Ita kuwa Hajiya tun ranar da ta ji kalmar fistula ta rage cin abinci, domin a saninta fistula yoyon fitsari ne, kuma ta ce duk wanda ta sani da aka ɗora a kan injin wankin ƙoda bai zagayo shekara ba. Don Allah a haska mini hanya.

Baban Ilham, Riyad:

Wa alaikumus salam. Ƙanina, Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya saka maka da alheri a kan ɗawainiyarta. Aikina harhaɗa magunguna ne, kuma abin da zan fara roƙonka shi ne ka kira likitan nan gobe da safe ka faɗa masa cewa ka tsayar da ƙwayar, kada ka jira ranar da aka yanka muku. Saukowar da ka gani abu ne da aka san wannan rukunin magani da shi a makonnin farko. A cikin kowace ƙoda akwai ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya. Idan suga ya lalata wasu, waɗanda suka rage sai su ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinsu, jini yana shigar su da matsi mai tsanani, kamar jakin da aka ɗora wa kayan jakuna uku, wanda zai kai kasuwa yau amma ba zai ga baɗi ba. Ƙwayar tana hana ƙoda mayar da wani kaso na suga da gishiri cikin jini, sai su bi fitsari su fita, wannan kuma yana sassauta matsin da ke kan matatan. Shi ya sa adadin yake ɗan sauka da farko, daga nan gangarowarsa ta yi jinkiri ƙwarai fiye da yadda za ta kasance in babu maganin.

Wannan ba hasashe ba ne. A shekarar 2020 aka fitar da sakamakon binciken DAPA-CKD, wanda aka yi a kan mutum 4,304 masu ciwon ƙoda, aka ga wannan ƙwayar ta rage haɗarin mummunar lalacewar ƙoda, ko kaiwa ga wanki, ko mutuwa ta dalilin ƙoda ko zuciya, da kashi 39 cikin 100. A 2022 aka samu irin wannan labari game da 'yar'uwarta Jardiance a binciken EMPA-KIDNEY mai mutum 6,609, inda ragin ya kai kashi 28, kuma a cikinsu har da waɗanda adadinsu ya sauka zuwa 20, da waɗanda ba su da ciwon suga sam. Kafin wannan, kusan shekara ashirin muka yi babu wani abin kirki da za mu miƙa wa mai irin ciwon Hajiya sai magungunan hawan jini irin su losatan da lisinofiril, waɗanda har gobe su ne ginshiƙi. Yanzu ga Kerendia, da aka amince da ita a Amurka a 2021 ga masu suga da ciwon ƙoda, ko da yake tana iya ɗaga sinadarin fotasiyam a jini, sai da bibiya. Ga kuma allurar Ozempic ta mako-mako, da mutane suka fi sani da rage ƙiba, wadda binciken FLOW na 2024 ya nuna tana rage manyan matsalolin ƙoda da kashi 24.

Abin da za ku kula da shi a Forxiga: tana jawo ƙaiƙayin gaba saboda sugan da ke fita a fitsari, don haka a yawaita tsarki da ruwa, kuma a ranar da take amai ko gudawa ko ta kasa cin abinci ana dakatar da ita sai ta warware. Batun azumi kuma a tattauna da likita tun a Sha'aban. Ka duba jakarta, in ka ga Voltaren ko Brufen na ciwon gwiwa ka kwashe su, domin waɗannan su ne masu cutar da ƙodarta.

Maman Usman, Madina:

Ɗana, sannu da jinya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi shekaru a ɗakin wankin ƙoda, kuma tsoron Hajiya ba baƙo ba ne a wurina, domin iyayenmu mata da yawa sun zo da shi. Ka zaunar da ita ka faɗa mata cewa wannan fistula ba ta da haɗi da yoyon fitsari ko kaɗan, suna ne kawai ya zo ɗaya. Ƙaramin aiki ne da ake yi a wuyan hannu ko kusa da gwiwar hannu, a ɗinke jijiyar da ke kawo jini daga zuciya da wadda ke mayar da shi, sai ta biyun ta yi kauri ta yi ƙarfi har ta iya ɗaukar allura biyu sau uku a mako. Takan ɗauki mako shida zuwa wata uku kafin ta nuna, kuma idan ta nuna, ka ɗora yatsa a kai za ka ji tana kaɗawa a hankali kamar ƙirjin kyanwa mai gurnani. Likitan bai ce gobe za a ɗora ta a inji ba, tanadi yake yi mata. Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne masu ƙin zuwa sai an kawo su ranga-ranga, huhu ya cika da ruwa, dole a zura musu bututu a jijiyar wuya cikin gaggawa. Wannan bututun ƙofa ce buɗe ga ƙwayoyin cuta zuwa cikin jini, kuma ina kyautata zaton da yawa daga cikin waɗanda Hajiya ta sani ta wannan hanyar suka fara.

Shi kansa wankin ba na da ba ne. Yanzu akwai salon da likitoci ke kira HDF, inda bayan wankin da aka saba, injin yake tace ruwa mai yawa daga jini yana mayar da ruwa mai tsabta a madadinsa, ta haka yake fitar da manyan dauɗoji da wankin gargajiya ba ya iya kwasowa sosai. A 2023 binciken CONVINCE da aka yi a ƙasashen Turai a kan mutum 1,360 ya nuna waɗanda ake musanya wa aƙalla lita 23 a kowane zama sun samu ragin mutuwa da kashi 23 cikin 100. Sai dai wannan salo yana son ruwa mai matuƙar tsabta da jini mai gudu sosai, kuma fistula mai kyau ce ta fi ba da wannan gudun. Ƙarancin jini da a da ake ta ƙarin jini dominsa, yanzu allurar eritrofoyetin da sinadarin ƙarfe suke maganinsa, har ma an samu ƙwayoyin sha. Ƙaiƙayin nan mai hana barci shi ma tun 2021 an samu allurarsa da ake zubawa a ƙarshen wanki.

Alhaji na Shara Mansur, Makka:

Yarona, ka karanta wa Hajiya wannan da bakinka. Ni shekarata bakwai a kan inji, Asabar da Litinin da Laraba, awa huɗu kowane zama, kuma a cikin waɗannan shekaru na aurar da 'ya'ya biyu, na ga jikoki huɗu, ina kuma zuwa Harami da ƙafata. Ba zan ɓoye mata ba, akwai wuya. Allurar ba ta dame ni ba kamar ƙishirwa. Da an shiga ɗakin, kafin a gaisa sai an hau sikeli, kuma sikelin nan shi yake tona duk abin da mutum ya sha tun zaman baya. In ka tara ruwa da yawa, injin sai ya janye shi da ƙarfi, jini ya faɗi, ƙafa ta ɗaure, ka koma gida kamar an yi maka duka. Ni kwalba ɗaya nake cikawa da asuba, ita ce rabona har dare, shayi da miya duk a cikin lissafinta suke. A zafin Makka nakan tsotsi ɗan ƙanƙara in jiƙa maƙogwaro, ko Zamzam ma kurɓa nake yi da niyya, ba na cika kofi.

Sau ɗaya na kusa tafiya, kuma dabino ne sanadi. A wani Ramadan, daren Juma'a, wato a tsakiyar dogon hutun da ke tsakanin Laraba da Asabar, na zauna a shimfiɗar buɗa-baki na ci dabino ban ƙirga ba, na bi da ayaba. Kafin asuba ƙafafuna suka yi nauyi kamar an ɗaura musu dutse, leɓena yana tsira-tsira, aka kai ni asibiti aka ce fotasiyam ne ya hau har yana neman tsayar da zuciya. Tun daga ranar matata ta koyi yanka dankali ƙanana, ta jiƙa, ta dafa, ta zubar da ruwan. Ta rage dunƙulen miya, ta bar kanwa, ta kuma yar da gishirin nan da ake sayarwa wai na masu hawan jini, domin shi da fotasiyam ake haɗa shi. Abin da yake ci mini rai kawai shi ne, shekara goma ina da suga kafin ƙodata ta tsaya, babu wanda ya taɓa cewa in kawo fitsari a auna.

Abu Yasir, Gadarif:

Ina gaida iyaye da 'yan'uwa, Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Na karanta bayanan Baban Ilham da Maman Usman, ban musa ko ɗaya ba, amma ku yi mini uzuri in faɗi abin da ke raina. Duk wannan ci gaba da kuke lissafawa, a wurinmu labarin wata duniya ne. Kafin yaƙi ana wanki kyauta a cibiyoyin gwamnati a Sudan, galibi sau biyu a mako, muna ƙorafi amma mutane suna rayuwa. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, masu wankin Khartum suka kwarara Wad Madani, inda akwai asibitin ƙoda. A Disamba na wannan shekara yaƙin ya iso Madani, suka sake watsewa zuwa Gadarif da Kasala da Bur Sudan. Ƙanen mahaifina yana cikinsu. Cibiyar da muka samu ta cika maƙil, aka mayar da shi sau ɗaya a mako, wani lokaci awa biyu kacal domin na bayansa ya samu, wani lokaci mu kwana a bakin ƙofa a ce babu matatar injin ko babu man janareta. Ban ga laifin ma'aikatan ba, na gan su suna kuka. Ya rasu a zaune, domin ruwan da ke ƙirjinsa ya hana shi kwanciya.

Zama ɗaya na wanki yana cin ruwan da aka tace kimanin lita 120, ban da wuta da matata da bututai da ake jefarwa bayan amfani ɗaya. Waɗanda aka yi wa dashe ma ba su tsira ba, domin in ƙwayar hana jiki ƙin ƙodar ta yanke, ƙodar da ɗan'uwa ya ba ka sai ta lalace. Cibiyar agaji ta Sarki Salman ta aiko da kayan wanki, Allah Ya saka, amma buƙatar ta fi ƙarfin abin da ke isowa. To, ina amfanin HDF ga wanda bai samu ko na gargajiyar ba?

Baban Ilham, Riyad:

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Abu Yasir, Allah Ya jiƙan Baffa, Ya sa wahalar da ya sha ta zama kaffara. Maganarka gaskiya ce, kuma ita ce ma ta sa nake ganin babban ci gaban wannan zamani ba a inji yake ba, yana cikin abin da ke hana mutum isa ga injin. Kwalin ƙwaya yana shiga aljihun mai gudun hijira, injin wanki ba ya shiga. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan rukuni na su Jardiance da Forxiga cikin jerin magunguna na dole, kuma kamfanoni da dama suna yin irinsa mai rahusa. Matsalar ita ce ciwon ƙoda ba ya ihu, mutum zai iya rasa fiye da rabin ƙarfin ƙodarsa bai ji komai ba. Abin da ke fara tona shi shi ne furotin mai suna albumin da ke zuba a fitsari. In ya haura 30 a gwajin da ake kira ACR, kuma ya dawwama haka wata uku, ciwon ya fara, ko da gwajin jini yana nuna lafiya lau. Wannan shi ne gwajin da Alhaji yake kukan ba a yi masa ba, kuma duk mai suga ko hawan jini ya kamata ya yi shi kowace shekara.

Maman Usman, Madina:

Allah Ya gafarta masa, Abu Yasir. Akwai wankin ƙoda ta cikin ciki, wanda Sudan ta buɗe shirinsa na ƙasa tun 2005. Ana sa siririn bututu a ciki, mara lafiya ya zuba ruwan magani kimanin lita biyu, tantanin cikinsa ya yi aikin matata, bayan 'yan awoyi ya zubar ya sa sabo, sau huɗu a rana, a ɗakinsa kuma ba tare da wuta ba. A nan Saudiyya wasu suna da ƙaramin injin da ke yi musu wannan musanya da dare suna barci. Amma ba zan yaudare ka ba, lita takwas a rana lita 240 ke nan a wata, wanda hanya ta rufe masa ba zai samu ba, kuma in babu ruwan wanke hannu da ɗaki mai tsabta, ciwon tantanin ciki yana nan yana jira.

Ummu Hafsa, Jidda:

Yaya Baban Ilham, ni tambayata a kan dashe ce. Na ji an fara dasa wa mutane ƙodar alade a Amurka. Shin gaskiya ne, kuma ina matsayin Musulmi? Mijina yana son ba ƙanwarsa ƙoda amma an ce jininsu bai dace ba.

Malam Abu Sumayya, Makka:

'Yar'uwa, labarin gaskiya ne. A watan Maris na 2024 likitoci a Babban Asibitin Masacusets da ke Bostan suka dasa wa Richard Slayman ƙodar aladen da aka sauya wa ƙwayoyin gado, ya rasu bayan kimanin wata biyu, likitocinsa suka ce ba su ga alamar dashen ne sanadi ba. An yi wa wasu bayansa, akwai wanda tasa ta yi aiki kusan wata tara kafin a cire ta ya koma wanki. Har yanzu gwaji ne, ba magani ba ne da za a je a nema. Hukuncinsa kuwa na majalisun fatawa ne, waɗanda za su auna najasar dabbar da ƙa'idar lalura, ba abin da mutum ɗaya zai yanke a zaure irin wannan ba.

Abin da ya shafi mijinki shi ne dashen mutum zuwa mutum, wannan kuwa malamai sun daɗe da yin bayaninsa. Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta halatta shi a 1982, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haka a zamanta na Jidda a 1988, tare da haramta sayar da gaɓa. Rashin dacewar jini kuma yanzu ba ƙarshen magana ba ne. Asibitin Ƙwararru na Sarki Faisal da ke Riyad yana da shirin musayar masu bayarwa: mijinki ya ba wani mara lafiya da jininsu ya dace, ɗan'uwan wancan kuma ya ba ƙanwar mijinki. Ku tambayi likitanta ko sharuɗɗan shirin sun haɗa da ku, sannan ku tabbatar an binciki lafiyar mijin naki ciki da bai kafin komai.

Baban Ilham, Riyad:

Ƙari kaɗan a kan binciken mai bayarwa, domin ya shafe mu 'yan asalin Afirka ta Yamma. Akwai wani ƙwayar gado mai suna APOL1, wanda wasu nau'o'insa suke kare mutum daga ciwon barci amma suna ƙara masa haɗarin ciwon ƙoda. Wani babban bincike da aka yi a Najeriya da Gana, aka buga a 2024, ya tabbatar da wannan haɗarin ko ga mai kwafi ɗaya. Ummu Hafsa, tun da ƙanwarsa ta jini ce ke da ciwon, ya dace ku ambata wa likitocin dashe asalinku.

Ɗan Hajiya, Jidda:

Allah Ya saka wa kowa da alheri, Abu Yasir kuma ina miƙa ta'aziyyata. Na je wurin likitan jiya na faɗa masa abin da na yi. Bai yi mini faɗa ba, ya ce da ma ya yi tsammanin adadin zai ɗan sauka, ya mayar da ita kan ƙwayar, ya ce maganar Kerendia sai ya ga fotasiyam ɗinta a gwaji na gaba. A jakar Hajiya na samu kwali biyu na maganin ciwon gwiwa da wani ƙullin garin magani da aka aiko mata daga gida, duk na kai masa ya gani. Na karanta mata saƙon Alhaji sau biyu. Da muka fito, wata dattijuwa da ke jiran layin wanki ta naɗe hannun abayarta ta ce Hajiya ta taɓa fistularta, Hajiya ta ɗora yatsu biyu ta yi shiru tana jin kaɗawar, sannan ta tambaye ta shekararta nawa da shi, ta ce tara. Da daddare ta ci tuwo.

Ni ma na ba da fitsarina tunda ina da hawan jini, sakamakon ya fito 48, an ce in maimaita. Na kira ƙannena mata biyu na ce su je su yi nasu. Maman Usman, likitan ya ce ranar Talata za a duba jijiyoyin hannun Hajiya da na'urar hoto. Akwai abin da ya kamata ta yi ko ta bari kafin ranar?